Na gama littafina na farko, amma ina tsoron a sace min labari

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Na kammala rubuta ƙagaggen labarina na farko, babi 32, kuma har yau ba wanda ya karanta ko shafi ɗaya, saboda an sha ja min kunne cewa da zarar na nuna wa wani zai ɗauke labarin ya fitar da sunansa. Kwanan nan wani ya tuntuɓe ni ta Facebook, ya ce shi wakilin wani kamfanin ɗab'i ne na ƙasashen waje. Ya ce in biya kuɗin rajista su kulle min labarin da lambar ISBN yadda ba mai iya taɓa shi, sannan in sa hannu a wata takarda su buga. Abin da ya fi tsaya min a rai kuma, da na koma na karanta babin farko sai kunya ta kama ni, kamar ba ni na rubuta ba. Anya ina da baiwar nan kuwa? In biya, ko in haƙura da rubutun gaba ɗaya?

Daga wata mai sha'awar rubutu

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki biya ko sisi, kada ki sa hannu a takardar nan, kuma maganar haƙura da rubutu ba ta taso ba.

Kunyar da kika ji ita ce mai sauƙi, bari mu sallame ta tukuna. Hannun da ya rubuta babi na 32 ya fi wanda ya rubuta babi na ɗaya gogewa, shi ya sa yanzu kike ganin aibun da a da ba kya gani. Wanda ya kamata hankalinsa ya tashi shi ne wanda ya waiwayi rubutunsa na farko ya ga babu abin gyara. Maganar baiwa kuwa, a aikin tace rubutu na ga masu daɗin alƙalami da yawa da suka tsaya a babi na biyar suka watsar. Masu kai labari ƙarshe su ne ba su da yawa, kuma kina cikinsu.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne tsoron sata, domin kusan kullum sai na ci karo da shi, kuma ya fi kowane ɓarawo yi wa sababbin marubuta ɓarna. Mutum zai kawo min rubutu yana ɓoye rabi, wai in duba babi uku kawai kada in san ƙarshen. Wani ba zai faɗi ko jigon labarinsa ba sai an yi masa rantsuwa. In ka lallaɓa ka ji jigon, sai ka tarar da yarinya ce aka hana ta wanda take so, ko maraya ne aka cinye wa gado. To wa zai saci wannan? Jigogin nan a fili suke, an rubuta su sau ba adadi kafin a haife mu, za a kuma ci gaba da rubuta su. Ki ba marubuta goma jigo ɗaya, littafi goma za ki samu, ba kuma wanda zai yi kama da wani. Abin da ya zama naki shi ne yadda kika zuba labarin, muryar taurarinki, abin da kika zaɓa ki faɗa da wanda kika bar wa mai karatu ya gano da kansa. Wannan kuwa ba a ɗaukar sa daga hira.

Ita ma doka a nan ta tsaya. Haƙƙin mallaka yana kare rubutun da aka riga aka zuba ne, ba ya kare tunanin da ke bayansa, kuma a yawancin ƙasashe ba ya kare sunan littafi shi kaɗai. Babu wani ofis a duniya da zai kulle miki jigo ya hana wasu taɓa shi. Rubutun kansa kuma ba ya jiran rajista kafin ya zama naki. Yarjejeniyar Berne ta haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, wadda aka ƙulla a Suwizalan a 1886 kuma ƙasashe sama da 180 ke cikinta a yau, ta ce kariyar ba ta rataya a kan cika wata takarda ba. Tun gyaran da aka yi mata a birnin Berlin na Jamus a 1908 aka tabbatar da wannan. Babi 32 ɗin nan da ke hannunki naki ne a doka tun ranar da kika rubuta su, har tsawon rayuwarki da aƙalla shekara 50 bayanki, a ƙasashe da dama ma 70. Gaskiya ne wasu ƙasashe na da rajistar ganin dama a hukumar gwamnati, kuma takardarta na taimakawa a matsayin shaida idan an je kotu. Amma wannan ke za ki yi da kanki a hukumar, ba ta hannun baƙon da ya faɗo miki a akwatin saƙo ba.

Lambar ISBN kuwa ba ta da wata alaƙa da mallaka. Lamba ce ta kasuwanci, mai alƙaluma 13 tun daga 2007, wadda masu sayar da littafi da ɗakunan karatu ke bambance wani bugu da wani da ita. Shi ya sa bugun takarda da na karantawa a waya kowanne ke da tasa. Wanda ya ce miki ISBN kwaɗo ce ta hana sata, ko dai bai san aikin ba, ko ya sani ya ga ke ce ba ki sani ba.

Ba na ce miki ba a satar rubutu. Ana yi, kuma da ciwo. Sai dai ki lura da lokacin da ake yin ta: bayan littafi ya fita ya samu karɓuwa ne ake kwafe shi a yaɗa kyauta, ko a goge sunan mai shi a sayar. Ɓarawon rubutu malalaci ne, abin da aka gama aka ga yana tafiya yake nema. Ba shi da lokacin ɗaukar ɗanyen rubutun da ba a tace ba ya zauna wata shida yana gyara. Maganin wannan kuma ba ya cin kuɗi. Ki tura wa kanki cikakken rubutun ta imel domin kwanan wata ya zauna a kai, ki adana tsofaffin kwafi da littattafan da kika yi zayyana a ciki, duk wanda za ki ba kuma ki ba shi ta hanyar da ke barin shaida. Wadda ke da matakan rubutu tun daga tushe ba a cin ta da gardama.

Yanzu dubi inda tsoron ya kai ki. Ya hana ki nuna wa mutanen da kika sani, waɗanda za su gaya miki gaskiya kyauta, ya kuma miƙa ki ga mutumin da ba ki taɓa gani ba, kina shirin ba shi kuɗi da sa hannu a lokaci ɗaya. An gudu ba a tsira ba ke nan. Masu wannan sana'ar sun san da tsoron, da shi suke farauta. Hanyar da marubuci ya fi rasa littafinsa ita ce takardar da ya sa wa hannu bai karanta ba, kuma wannan asarar kotu ba ta cika iya dawo da ita ba, tunda da yardarsa aka yi.

Ki rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai maɗaba'a, inda ke za ki biya a buga miki kwafi, ki kwashe kayanki, haƙƙinki na hannunki. Wannan halal ne, marubuta da yawa da haka suka fara, kuma tun 2007 da Amazon ta buɗe dandalinta na wallafa kai tsaye abin ya ƙara sauƙi. Akwai kuma kamfanin ɗab'i na gaskiya, wanda shi ke zuba kuɗinsa a tacewa da bango da bugawa da talla, ya riƙa ba ki kasonki daga ciniki. A na farko kin biya kin riƙe haƙƙi, a na biyu kin ba da izini an biya ki. Wanda ke son kuɗinki da haƙƙinki duka ba ya cikin ko ɗaya. Kuma ki tambayi kanki: ke kika ce ba wanda ya karanta ko shafi ɗaya, to me ya gani a littafin da yake son bugawa?

Duk ranar da yarjejeniya ta gaske ta zo, ki duba ko sayar da haƙƙi ce baki ɗaya ko izini ne na wa'adi. Shekara nawa, a wane harshe, a wace siga? Haƙƙin fim da na fassara da na karantawa a murya kowanne daban yake, kada a dunƙule miki su a jimla ɗaya. Idan littafin ya daina fita kasuwa, yaushe haƙƙin zai dawo gare ki? Sau nawa a shekara za a nuna miki lissafin ciniki? Ki kai wa lauya ko gogaggen marubuci ya karanta. Mai gaskiya ba ya jin haushin a ce a ba shi mako biyu.

Amma duk wannan gaba ne, domin littafinki bai kai bugawa ba tukuna, kuma wannan ba aibu ba ne. Zubin farko kika gama. Ki ajiye shi wasu makonni ba tare da leƙawa ba, sannan ki karanta shi a bayyane, da murya. Kunne na kama abin da ido ke tsallakewa, musamman a zance: duk inda harshenki ya sarƙe, ko kika ji ba mutumin da zai yi magana haka, ki sa alama. Babin farkon da ke ba ki kunya, ina kyautata zaton shimfiɗa ce ta yi yawa, wato tarihin iyaye da kakanni, da kwatancen kyawun tauraruwa tun daga gashi har farce, kafin komai ya faru. Ki nemo wurin da matsala ta fara taɓa ta, sau da yawa yana babi na biyu ko na uku, ki gwada farawa daga nan. Abin da mai karatu ke buƙata na tarihin zai shigo daga baya a hankali. A kowace fitowa ki tambayi kanki wa ke son wani abu a nan, me ya tare masa hanya. Fitowar da ba ta da amsa, ko ta gaisuwa da kai-komo ce zalla, ki cire ta ko da kina son ta. Ƙa'idojin rubutu, irin su raba kalma da haɗe ta da baƙaƙe masu lanƙwasa, ki bar su sai zagaye na ƙarshe, amma kada ki raina su, domin edita da alƙalin gasa da su suke fara auna mutum.

Daga nan ki ba mutum biyu ko uku masu karatu da gaske, ba masu son faranta miki ba. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, kowa zai ce ya yi. Ki tambaye su a ina suka ajiye littafin suka tashi, wane tauraro suka manta da shi, a ina suka rikice. In mutum ɗaya ya yi kuka da wuri, ra'ayinsa ne. In biyu suka yi tuntuɓe a wuri guda, akwai gyara a nan, ko da maganin da suka kawo ba shi ne daidai ba.

Yayin da littafin ke hutawa, ki gwada hannunki a gajeren labari. Yana koyar da tsimin kalma fiye da kowane darasi, kuma akwai gasanni na gaske da ba a biyan kuɗin shiga. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, tana cikinsu. Haka gasar gajeren labari ta ƙungiyar Commonwealth, mai karɓar kalma 2,000 zuwa 5,000. Ki karanta sharuɗɗan kowace shekara da kanki, ki kuma sani cewa irin waɗannan gasanni labarin da ba a taɓa wallafawa ba suke nema, sakin labari a manhajar karanta labarai ta Wattpad ko a shafinki kuma ana iya lissafa shi a matsayin wallafa.

Shi kuwa mutumin naki, in kina son ki gamsu da kanki, ki rubuta masa ki nemi abu uku: sunayen littattafan da kamfanin ya buga da inda ake sayar da su, hanyar tuntuɓar biyu daga cikin marubutansu, da cikakken kwafin yarjejeniyar kafin a yi zancen kuɗi. Kada ki tura masa rubutun. In ya fara cewa dama ce da za ta wuce gobe, ki toshe shi.