Amsa: Babur ɗina ba ya ja a cikin yashi, in canza faifan sarƙa?

Malam, ka ce Honda XR150L ɗinka na gudu a kwalta amma yana sanyi a yashi. Kafin ka sayi komai, duba filtar iska. Ƙura kan toshe ta, injin ya rasa numfashi.

In lafiyarta ƙalau, canza faifan sarƙa na gaba da wanda haƙoransa suka gaza na yanzu da 1. Zai ƙara ja sosai, amma gudunsa a titi zai ragu, ya kuma ƙara shan mai. Idan sarƙar ta ci, canza ta tare da fayafayan biyu, domin tsohuwa tana cinye sabon faifai.

Kada ka ɗaure sarƙa tamau kamar ta babur ɗin gari. Ƙafar bayan irin wannan na lotsawa da nisa a gargada, sai sarƙar ta miƙe ta lalata boris. Zancen taɓa kafireto kuwa, bar wa makanike.