Maigidana yana minshari har numfashinsa ya ɗauke, ga ciwon suga ga ƙoda

Tambaya: Likita, maigidana ya ba hamsin baya, yana da ciwon suga shekara 12, bara aka ce ya taɓa masa ƙoda. Da dare yana minshari mai ƙarfi, sai ya yi tsit kamar numfashi ya ɗauke, can kuma ya zabura yana haki. Maganin hawan jini kala uku yake sha amma jinin ya ƙi sauka. Shi ya ce gajiya ce kawai. Akwai abin damuwa?

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba maigida lafiya. Akwai abin damuwa, kuma kin kyauta da kika lura, don mai wannan larura ba ya sanin abin da ke faruwa da shi, na kusa da shi ne ke gani.

Abin da kika kwatanta alama ce ta toshewar numfashi a cikin barci. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro yakan saki, hanyar iska ta rufe na daƙiƙa 10 ko fiye. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi, jijiyoyin jini su tsuke, zuciya ta hau bugu da sauri. Sai ya koma barci, abin ya maimaitu. A gwajin barci muna ƙirga sau nawa hakan ke faruwa a awa ɗaya: 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Mai lafiya jininsa yakan sauka da dare, zuciya ta ɗan huta. Shi kuwa tasa kwana take tana aiki. Shi ya sa ake yawan samun larurar ga waɗanda jininsu ya gagari magani uku, kuma tana tafiya da rikicewar bugun zuciya, da gazawarta, da shanyewar ɓarin jiki.

Batun ƙoda ne ya fi tsaya mini a rai. Ƙodar da suga ya raunana ba ta fitar da gishiri da ruwa yadda ya kamata. Da rana ruwan yana taruwa a ƙafa, ki duba sawun safa ko takalmi a ƙafarsa da yamma. Da ya kwanta sai wani ɓangare na ruwan ya koma sama zuwa wuya, ya ƙara matse maƙogwaro. Toshewar numfashin kuma ta ɗaga jini, jinin ya ƙara cin ƙodar. Kowane na hura wa ɗaya wuta. Mutane suna jin tsoron wankin ƙoda, amma da yawa daga masu ciwon ƙoda na suga zuciya ce ke fara kayar da su tun kafin a kai ga wankin.

Ki raka shi asibiti, ki faɗa da bakinki abin da kike gani. In ya yarda, ki ɗauki minsharin a waya. Ki ambaci gyangyaɗin rana, ciwon kai da safe, da yawan tashi fitsari, wanda ba kullum suga ke kawo shi ba. A auna wuyansa, in ya wuce santimita 40 ƙarin alama ce. A nemi gwajin barci da na zuciya, ko da sai an tura ku asibitin koyarwa.

Babban magani shi ne na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya fito da ita a Ostareliya a 1981. Iska take hurawa ta abin rufe hanci don maƙogwaro ya zauna a buɗe. Tana gyara barci, ta rage gyangyaɗi, ta ɗan sauke jini. Sai dai in gaya miki gaskiya: babban binciken SAVE da aka wallafa a 2016, a kan mutum sama da 2,700, bai nuna ta rage aukuwar ciwon zuciya ko shanyewar jiki ba, ko da yake mutanen awa 3 da 'yan mintuna kawai suke sa ta a dare. Don haka kada ya ajiye ko ƙwaya ɗaya daga magungunan jini, suga da ƙoda saboda ya samu na'ura. Ga kuma tsada da matsalar wuta, wanda zai saya ya tanadi batir ko sola.

Akwai abin da ke hannunki tun yau. Gishirin yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙule da kanwa suna cikin lissafin. Ya bar kwanciya rigingine, ya koma gefe, a ɗan ɗaga kan gado. In yana da ƙiba, rage ta na sassauta larurar sosai. Ya nisanci maganin barci irin diazepam, da tramadol da kodin, don suna ƙara danne numfashi, haka ma diclofenac da ibuprofen saboda ƙoda. In yana tuƙi yana gyangyaɗi, ya dakata har a duba shi.

Ranar da ya ji nauyi a ƙirji, ko ya kasa kwanciya saboda haki, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, kada ku jira gari ya waye, ku tafi asibiti a daren.