Jingina hutun shekara da na Sallah: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Sakkwato, mataki na 09, iyayena kuma suna Kano. Duk shekara nakan ɗauki hutuna a dunƙule cikin Disamba, in ƙare da zaman gida, Sallah ta zo kuma in yi ta a guje. Abokan aiki sun ce in raba shi in jingina da ranakun hutun gwamnati. Akwai riba a ciki? Daga wani Malam a Arkilla.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai riba, mai yawa ma. Amma kafin ka taɓa kalanda, ka leƙa sashen ma'aikata na ofishinku ka yi tambaya ɗaya: kwana 30 ɗin da ake ba mai mataki na 07 zuwa sama, da ranakun aiki ake ƙirga su ko har da Asabar da Lahadi? Dabarar duka a kan amsar nan ta rataya. In da ranakun aiki ne, hutun gwamnati da ya faɗo a tsakiyar naka kyauta ka same shi. In kuwa ƙirgen kalanda ne, to duk Sallar da ta faɗo a tsakiya an cinye maka ita, don haka sai ka fara hutunka washegarin da na gwamnati ya ƙare, ka kuma sa ya ƙare ranar Juma'a.

Ga misali daga 2025. Babbar Sallah ta kama Juma'a 6 ga Yuni, gwamnati ta ba da Juma'ar da Litinin 9 ga wata. Alhamis 12 ga Yuni kuma Ranar Dimokuraɗiyya ce. Wanda ya nemi Talata da Laraba da Juma'ar wannan makon, kwana uku kacal ya kashe daga hutunsa, amma ya yi kwana goma cur a gida, daga 6 zuwa 15 ga wata. Ya yanka ragonsa, an soya nama a gabansa, ya zaga dangi, ya komo bayan tasha ta yi sauƙi.

Ranakun hutu a ƙasar nan iri biyu ne, kuma ba tsari ɗaya ake yi musu ba. Akwai masu tsayayyen lokaci: 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, 25 da 26 ga Disamba, sai Juma'a da Litinin na Ista da ake sanin ranarsu tun farkon shekara. Waɗannan tun Janairu ka san inda suka faɗa. In ɗaya ta kama Alhamis ko Talata, kwana ɗaya za ka nema ka samu huɗu. In ta kama ƙarshen mako, sau da yawa akan mayar da ita Litinin, kamar yadda aka yi da 1 ga Oktoban 2023, amma kada ka ɗora tafiya a kan haka sai Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta sanar.

Sai waɗanda ke bin wata: Sallolin biyu da Mauludi, da 1 ga Muharram da gwamnatin jiha kan ba ma'aikatanta (kai na tarayya ne, kada ka ƙirga ta cikin naka). Shekarar Hijira na ja baya da kimanin kwana 11 a kalandar bature, saboda haka kana iya hasashen makon tun da wuri, amma ranar sai Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar. Shawarata ita ce babban kason hutunka ka ɗora shi a kan Babbar Sallah. Ita ana sanin ranarta da kwana tara ko goma, tun daren da aka ga watan Zulhajji. Ƙaramar Sallah kuwa ba mai tabbas sai daren 29 ga Ramadan.

Ofisoshi da yawa ba sa yarda a daddatsa hutu fiye da kashi biyu, kuma kowa Sallah yake hari. Shigar da sunanka jadawalin hutu tun farkon shekara, ka shirya da wanda zai riƙe maka tebur. Wanda ya riga ka barci, ai zai riga ka tashi.

Tambaya: Ina so in kai yara Abuja wurin mahaifinsu mu yi Ƙaramar Sallah. In sayi tikitin jirgi tun yanzu, ko in jira a ga wata? Daga wata Hajiya a Mabera.

Amsa: Hajiya, kada ki jira. Ranar da aka ga wata kujerun sun ƙare, waɗanda suka rage kuma kuɗinsu ya haura. Jiragen da ke tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III ba su da yawa, in kika rasa na yau ba lallai ki samu na gobe ba. Ki sayi na tafiya ya kama 27 ko 28 ga azumi, yadda ko an yi 29 ko an cika 30 kina can.

Na dawowa ne ke son tunani. A 2024 gwamnati ta ba da Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu, sai ba a ga wata ba, aka cika azumi 30, aka ƙara Alhamis 11. Duk wanda ya sayi tikitin dawowa na Laraba don ya shiga ofis Alhamis, ranar Idi ya kwashi kaya. Don haka ki ɗauka azumi 30 za a yi, ki ƙara kwana biyu ko uku a kai, ki cike gurbin da hutunki na shekara. Kafin ki biya, ki tambayi nawa ake cira in za a canja rana. Tikiti mafi araha shi ya fi tsada wurin canji, kuma ke da yara kujera uku ko huɗu ce za a canja.

In mota kuka zaɓa, haka lissafin yake, sai dai ƙari ɗaya da ba na wasa da shi: a tashi da sassafe, a yi tafiyar da rana, kada son cin kwana ɗaya ya sa ki ɗauki yara ku bi hanya da dare.

Tambaya: A kanti nake aiki a cikin gari, shekara biyu ke nan. Lokacin Sallah muka fi ciniki, ba ma zuwa ko'ina. Ni ma ina da hutun shekara? Daga wani matashi a Runjin Sambo.

Amsa: Kana da shi, ɗan'uwa. Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta ba ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki aƙalla ranakun aiki shida da cikakken albashi. Kaɗan ne, amma haƙƙinka ne, kuma yana ɓata mini rai yadda yara da yawa a kasuwa ba su ma san da shi ba.

Kada ka nemi makon jajibiri, ba mai kanti da zai sake ka a lokacin. Nemi makon da ke bin Sallah, sa'ad da aljihun mutane ya bushe, ciniki ya kwanta, kuɗin mota ya sauko. In kana da gona a ƙauye, lokacin shuka ko girbin gero ya fi maka amfani da kowace ranar hutun gwamnati. Ka sami maigida ku kaɗai bayan an rufe kanti, ka gaishe shi, ka faɗi ranar tafiya da ranar dawowa da wanda zai tsaya maka, ka kuma yi haka da wata guda kafin lokacin.