Filin ƙwallon yaranmu: wa za mu kai wa kuka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A unguwarmu akwai wani fili da yara ke buga ƙwallo bayan la'asar, dattawa kuma su shimfiɗa tabarma a gefe. Kwanan nan mun wayi gari an sauke bulo a kusurwarsa, ana raɗe-raɗin shaguna za a gina. Ƙaramar hukuma ce ya kamata ta kare mana shi, ko wa? Daga wata uwa, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. A takarda dai kina da gaskiya. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma ginawa da kula da wuraren shaƙatawa, lambuna da filayen jama'a, a layi ɗaya da tituna, fitilun kan hanya da magudanan ruwa. Kansiloli da yawa ba su ma san da wannan layin ba, don hankali ya fi karkata ga kasuwa da tasha, inda ake karɓar haraji.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa ƙasar cikin birni a hannun gwamna. Ta karkara ce ƙaramar hukuma ke rabawa. Wato ciyaman na iya share fili, ya dasa itatuwa, ya kafa kujeru, amma a cikin Kano ba shi ke da ikon cewa wannan fili na wane ne ba.

Don haka kafin ku tara jama'a, ku nemi taswirar da aka yanka unguwar da ita. Hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ita ke ba da izinin gini, can da ma'aikatar filaye za ku tambaya. In taswirar ta nuna an ware wurin don jama'a, kun samu abin riƙewa, kuma mai bulo sai ya nuna takardar sauya amfanin fili. In kuwa fulotin wani ne da ya daɗe bai gina ba, to yara aro suka yi, haƙuri ya zama dole.

Ku rubuta koke a takarda, da sa hannun mai unguwa da limami, ku kai kwafi ga kansila da hakimi, ku ajiye wanda aka buga wa hatimin karɓa. Maganar baki a ofis iska ke ɗauke ta.

Batun “babu kuɗi” kuma ya rage ƙarfi, tunda a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar na tafiyar hawainiya. Ku matsa wa kansila ya sa filin a kasafin baɗi tun kafin ƙarshen shekara. Ni ba na ba ku shawarar neman lilo da katangar ƙarfe tukuna. Ku nemi turakun gola, fitila mai aiki da hasken rana, da darbejiya a kewaye, wadda samarin unguwa za su riƙa ba ruwa har ta wuce bakin akuya. Filin da aka ga ana amfani da shi kullum ya fi wuyar yankawa fiye da wanda ya koma juji.