Maƙwabci ya zubar da mushen kaji a rafi: shin wannan gurɓata muhalli ne?

Tambaya: Murar tsuntsaye ta kashe kajin maƙwabcina, ya kwashe mushen ya zuba a rafin da nake ɗebo wa kajina ruwa. Yanzu nawa sun fara mutuwa. Doka tana ɗaukar ƙwayar bairos a matsayin abin gurɓata muhalli, har in kai ƙara?

Amsa: Allah ya mayar maka da alheri, Malam. Dokar da ta kafa NESREA, hukumar tarayya mai kula da dokokin kare muhalli, a 2007 ta fassara gurɓatawa da sauyin da ɗan Adam ya jawo wa muhalli, ko ya taimaka aka samu, har ya wuce ƙima, kuma ta haɗa da ɓangaren halittu masu rai. Abin dubawa shi ne hannun mutum. Bairos ɗin da tsuntsayen daji suka kawo annoba ce, tana ƙarƙashin dokar cututtukan dabbobi. Amma wanda ya zuba mushe a ruwan jama'a da hannunsa, a ganina ya faɗa cikin wannan fassara.

Wahalar tana wajen hujja. Cutar na shiga gona ta takalmi, kiret ɗin ƙwai, tayar mota da buhun abinci, don haka tabbatar da cewa rafin ne ya kawo maka ita ba abu ne mai sauƙi ba. Ɗauki hoton mushen a inda yake, rubuta kwanan wata da adadin kajin da ke mutuwa kullum, ka kai mai unguwa ya gani da idonsa. Sannan ka ga lauya.

Kafin wannan duka, kira likitan dabbobi na gwamnati yau. Kumburin kai, zanko ya koma shuɗi-shuɗi, jini ya taru a ƙafafu, mutuwar farat ɗaya: waɗannan alamu ne kawai, domin wata cutar kaji mai suna Newcastle ma tana kama da haka. Gwaji a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, shi ke raba gardama. Kada ka yanka ko ka sayar da ko guda. Haka cutar ke bazuwa a kasuwanni tun bayyanarta a Jihar Kaduna a 2006.

Daina amfani da ruwan rafin nan take, bairos ɗin na iya yin makonni a ruwa mai sanyi da cikin kashin kaji, musamman da hunturu. Haƙa rami mai zurfin mita 2, nesa da rijiya da hanyar ruwa, ka binne mushen kajinka tare da shimfiɗar ɗakinsu, ka barbaɗa farar ƙasa. Sa safar hannu da takunkumi, cutar tana kama mutum. Kankare kashin, wanke ɗakin da omo, sannan ka fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin dauɗa na kashe ƙarfin maganin. Bar ɗakin babu kaza aƙalla kwana 21, kuma kada ka zuba sababbi sai likita ya amince.