"An ware" daban, "an saki" daban

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Daura. Duk ɗan takarar da ya zo sai ya ce zai ware wa lafiya biliyoyi, ya gina gidaje, ya kawar da talauci. Amma watan jiya da na kai ƙanwata haihuwa asibitin unguwarmu, auduga da safar hannu mu muka saya, da fitilar waya aka karɓi haihuwar. Yaya zan gane mai gaskiya a cikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya raya abin da aka samu.

Abin da kullum nake fama da mutane a kansa ke nan: da sun ji "an ware" sai su ɗauka kuɗi sun fita. Kasafi ƙiyasi ne a takarda. Majalisa ta amince, gwamna ya sa hannu, amma kuɗin sai kason wata-wata ya iso daga Abuja, an haɗa da harajin cikin gida. In suka gaza, albashi da biyan bashi ake fara cirewa, magani da gyaran asibiti su sha wuƙa. Sai ki ga asibiti ɗaya ya fito a kasafi shekara uku a jere, ko bulo ba a aza ba. Duk da haka sojojin baka na rediyo suna ta kururuwar "kashi 15 ga lafiya", wato alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001. Wallahi abin yana ƙona mini rai, domin rubuta 15 ba ya sayen ko sirinji ɗaya.

Jihohi suna wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku a intanet. Ki duba abin da aka ware wa lafiya, ki duba abin da aka kashe. Ɗan takarar da bai san wannan tazarar ba, bai shirya ba.

Batun gidaje kuwa, ki tambaye shi wata nawa talaka zai jira takardar mallakar filinsa, tunda dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta sa ta.

In ya dawo, ki miƙe a gaban jama'a ki ce: Katsina na da mazaɓu 361, a nawa zai sa ungozoma mai kwana da wutar sola, kuma daga wane aljihun gwamnati zai biya ta?