Tambaya da Amsa: Siffar Rubutun Ilimi

Tambaya: Malam, mai duba kundina ya ce rubutuna ya yi kama da na jarida. Me ya bambanta su?

Amsa: Babban abin da ya raba su shi ne hujja. A rubutun ilimi, idan ka ce "masana sun yarda", wajibi ne ka faɗi sunayensu da shekarar aikinsu, har da shafi idan maganarsu ka ɗauko kai tsaye, domin mai karatu ya bi sawunka ya tabbatar. Ka kuma auna kalamanka: idan ɗalibai 40 ka tambaya, kada ka rubuta "dukkan ɗalibai". A ganina wannan ya fi wuya, domin alƙalami yana son zuzutawa. Keɓaɓɓiyar kalma kuwa, da zarar ka fayyace ma'anarta, kada ka sauya ta.